Neman Babura a Fihirisar Bature

Damina biyu da suka wuce rigimar burtali ta taso a wani ƙauye arewa da Babura, inda dangin mahaifiyata suke noma. Makiyaya suka ce hanyar shanu ce tun kaka da kakanni, manoma suka ce ba ta nan ta bi ba. Da aka zauna gaban dagaci, wani dattijo ya ce shi dai ya ji daga bakin mahaifinsa cewa Bature ya taɓa zuwa rangadi, ya zaga wurin a kan doki, malaminsa na biye yana rubutawa. In haka ne, in ji shi, maganar tana nan a takarda. Sai idanu suka juyo kaina, don ni ne wanda ya yi boko, kuma kowa ya ji labarin cewa yanzu an zuba takardun da a intanet. Na ciro waya na rubuta sunan garinmu. Abin da ya fito bai wuce labarin siyasa da farashin hatsi da sunayen makarantu ba. Takardar Bature kuwa, ko ƙurarta.

Ba wai babu ita ba ne. Daga baya na gane cewa takardun da suka shafi ƙasarmu suna nan a ajiye, wasu daga cikin ire-irensu har an ɗauki hotonsu. Abin da ya shiga tsakanina da su shi ne ɗan layin rubutun nan da ake yi wa kowane fayil don a faɗi abin da ke cikinsa, wanda in aka tara shi ya zama fihirisa. Idan ana maganar ceto takardun tarihi, yabo yakan tafi ga mai kyamara, ba a cika tuna mai rubuta wannan layi ba. Alhali hoton takarda da ba a yi masa bayanin da zai kai mai nema gare shi ba, rijiya ce ba guga. A kan wannan layi nake so in tsaya, in duba yadda aka gaje shi da yadda ake ɗora shi a intanet yau.

Ma'ajiyar takardun tarihi ta Nijeriya ta samo asali ne daga binciken da Kenneth Dike ya yi a farkon shekarun 1950, lokacin da ya zaga ofisoshin gwamnati ya ga yadda gara da ruwa ke cin fayiloli. An buga rahotonsa a 1954, a shekarar kuma aka buɗe ofishin adana takardu a Ibadan, daga baya aka yi rassa a Kaduna da Inugu. Ma'aikatan farko sun bi ƙa'idar da ma'ajiyoyin duniya ke bi: kowane fayil ya zauna cikin dangin ofishin da ya haife shi, da lambarsa, da sunan da aka ba shi tun farko. Shi ya sa mai bincike a Kaduna zai tarar da takardun ofishin Razdan na Kano a ƙarƙashin Kanoprof, na Katsina Katprof, na Sakkwato Sokprof, na Sakateriyar Lardunan Arewa kuma SNP. Ba na ganin laifin wannan ƙa'ida. Takarda shaida ce, shaida kuwa sai an san daga bakin wa ta fito. Wanda ya wargaza wannan tsari da sunan gyara ya yi wa tarihi ɓarnar da gara ba ta yi ba.

Amma ƙa'idar tana da nata kuɗin, kuma mu ne ke biya. Sunan da ke bayan fayil ba masanin tarihi ne ya rubuta shi ba. Akawu ne, ko Di'o, kuma ya rubuta shi ne don ya iya gano fayil ɗin gobe in Razdan ya tambaya. Abin da ya dame shi shi ne haraji, da jangali, da iyakar gunduma, da naɗin hakimi ko tuɓe shi. Don haka rahoton da ya ƙunshi sunayen ƙauyuka, da rijiyoyi, da kasuwanni, da asalin mutane, da hanyoyin shanu, sai a taƙaita shi da cewa rahoton kimanta harajin gunduma kaza ne. Ba ƙarya aka yi ba. Sai dai an kalli ƙasar ne daga kan doki, aka rubuta abin da mahayi ke bukata.

A nan ne Babura ta fi maƙwabtanta shan wahala, domin gari ne da ya sha sauyin uwar ɗaki. Yaron da aka haifa bayan 27 ga Agusta 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ya buɗe ido ya ga Babura a Masarautar Ringim, ya kuma saba jin ana haɗa sunanta da Kazaure da Roni da Gwiwa. Takardun Turawa ba su san ko ɗaya daga cikin wannan ba. A zamaninsu Babura ƙasar Sarkin Kano ce. Kazaure kuwa masarauta ce mai zaman kanta tun da Ɗantunku ya tsaya da ƙafarsa a wajajen 1819, ya yi ta fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, kuma Turawa sun lissafa ta tare da Gumel da Haɗejia a sashen arewa na Lardin Kano. Ke nan ƙauyuka biyu da ke cin kasuwa ɗaya, suna auratayya, labarin ɗaya yana cikin fayilolin En'e ta Kano, na ɗayan yana cikin na Kazaure. In ka ƙara gaba kaɗan arewa sai ka shiga ƙasar Magarya, bayan layin da Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka kafa wa alamu tsakanin 1906 da 1908. Rabin dangin da ya faɗa can, labarinsa yana Yamai da Dakar da Aix-en-Provence, cikin Faransanci, inda Daura ta zama Daoura, Damagaram kuma Zinder. Shanun da suka jawo rigimar ƙauyenmu suna ratsa duk waɗannan iyakoki a damina ɗaya. Fihirisa ba ta ratsa ko guda.

Ga kuma matsalar rubuta sunaye. Turawa sun rubuta Dambarta, da Katsena, da Hadeija, da Gummel. Ƙa'idojin rubutun Hausa da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar a 1912 ba su da ƙugiyoyin da muka saba da su yau. Sai a shekarun 1930 suka zauna, kuma ko bayan nan keken rubutun ofis bai san su ba. Mutum yana iya gane cewa baki da baƙi ba ɗaya ba ne in ya duba abin da ke kewaye da kalmar. Kwamfuta ba ta da wannan hankali sai an koya mata. Sannan mu Hausawa muna sa wa garuruwa sunan itace da na yanayin ƙasa. A ƙaramar hukumar Babura kaɗai akwai Kanya, da Ɗorawa, da Garu, har da mazaɓa mai suna Jigawa. Mai karatu ya gwada neman wannan Jigawar a intanet ya ga ko zai same ta a ƙarƙashin nauyin jihar da suke suna ɗaya.

Me ya sa to magabata, irin masanan da suka rubuta tarihin Kano da Katsina daga waɗannan fayiloli, ba su ɓata ba? Amsar, a ganina, ita ce tushen maganar duka. Tsohuwar fihirisa ba a taɓa rubuta ta don ta tsaya ita kaɗai ba. Kullum akwai mutum a gefenta. Na ga haka da idona lokacin da na gaji da waya na hau mota zuwa wata ma'ajiya. Na gaya wa wani tsohon ma'aikaci abin da nake nema. Bai ko buɗe kundin ba ya ce, “Ɗana, ba za ka sami burtali da sunan burtali ba. Nemi jangali, ka nemi rangadi, ka kuma duba gundumomin da ke maƙwabtaka da ku.” Shekaru talatin na ɗauko fayil da mayar da shi sun zama fihirisa ta biyu a kansa, wadda ta san sunan da da na yanzu, ta san inda aka yi kuskuren ajiya. Idan aka kwafe tsohon kundi harafi da harafi aka sa a intanet, rabin fihirisar kawai aka ɗauka. Ɗaya rabin ya kusa ritaya, kuma ba wanda ya zauna ya rubuta abin da ke kansa.

Aikin da ya fi fice a wannan fage shi ne shirin Laburaren Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗarin salwanta, wanda aka fara a 2004 da kuɗin gidauniyar Arcadia. A ƙarƙashinsa Mohammed Bashir Salau, masanin da ya yi bincike kan gandayen bayi na Fanisau, ya jagoranci ɗaukar hoton takardu a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, sannan a ma'ajiyar ƙasa da ke Kaduna. Dole a yaba. Asalin takardun sun zauna a inda suke, kwafi ne ya tafi Landan, kuma kowa yana iya dubawa kyauta. Ɗalibin da ba shi da kuɗin mota da masauki a Kaduna yana iya karanta rubutun hannun Di'o daga ɗakinsa a Kazaure. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne, kuma wanda ya taɓa riƙe takardar da ke marmashewa a hannu ba zai raina shi ba.

Sai dai hoton sabo ne, bayanin kuwa yana tafe da tsohuwar rigarsa. Da Turanci yake, kuma ginshiƙinsa shi ne yadda ofishin mulkin mallaka ya kasa duniya. Ban ɗora wa masu aikin laifi ba, domin kuɗin irin wannan shiri na ceto ne, ana tsere da gara da damina, ba a da lokacin zama a karanta kowane shafi. Abin da nake suka shi ne yadda muka ɗauka cewa da an ɗora hoto an gama. Ƙofar da aka buɗe ta fi sauƙin shiga ga ɗalibin jami'ar Amurka da ya san kalmomin Razdan, fiye da jikan mutumin da aka ƙirga shanunsa a cikin takardar. An ce kowa na iya shiga, amma mabuɗin yana harshen da mai gida ba ya ji.

Rubuce-rubucen Larabci da ajami suna da tasu damuwar, ko da yake an fi yi musu hidima. Kensdale ya yi fihirisar na Jami'ar Ibadan a shekarun 1950. Aida Arif da Ahmad Abu Hakima sun fitar da ta Gidan Tarihi na Jos da Zauren Lugard a 1965. Baba Yunus Muhammad ya yi ta ma'ajiyar Kaduna, gidauniyar al-Furqan ta buga a shekarun 1990, John Hunwick kuma ya tattara marubutan yankinmu a babban kundinsa na 1995. Ayyuka ne na ƙwararru, kuma ba don su ba da ba mu san faɗin abin da Shehu Usmanu da Abdullahi na Gwandu da Sarkin Musulmi Bello suka bari ba. Amma tambayar da irin wannan fihirisa ke yi wa takarda ita ce: wa ya wallafa ki, mene ne sunanki? Littafin fiƙihu yana da amsa. Wasiƙar hakimi zuwa ga dagaci ba ta da ita, haka lissafin bashin falke, da waƙar wa'azi ta ajami da wata malama ta kwafa, da rubutun gefen shafi inda mai littafi ya sa ranar haihuwar ɗansa ko shekarar fari. Waɗannan kuwa su ne mafi yawan abin da ke cikin gafakar malaman ƙauye irin namu. Gari kamar Babura ba ya bayyana a matsayin mawallafi. Yana bayyana ne a matsayin inda aka kwafa, inda aka karanta, gidan da aka samo. Muddin babu gurbin waɗannan a fihirisa, to babu mu.

Akwai misalin da ke nuna amfanin riƙe wannan zare. Littattafan Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962, suna Jami'ar Northwestern a Amurka, an bar su a dunƙule da sunansa. Saboda haka ne aka iya nazarin su a matsayin ɗakin karatun mutum ɗaya, aka ga abin da falke yake karantawa da abin da yake ɗauka a tafiya. Abin takaici dai shi ne sai an ƙetare teku. Aikin ajami na Jami'ar Boston, wanda Fallou Ngom ya jagoranta, Mustapha Kurfi kuma ya yi ɓangaren Hausa, shi ma ya kula da faɗin hannun wanda aka samu rubutu. Ta fuskar na'ura kuwa an makara ƙwarai: sai a 2016 tsarin Unicode ya karɓi fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu, wanda kowane almajiri a ƙasar nan yake rubutawa a allo.

Yanzu sai in juya ga waɗanda a zahiri muke gefe ɗaya da su, amma nake tsoron hannunsu. A ma'ajiyoyin Turai da Amurka ana ta gyaran tsofaffin bayanai don cire kalmomin raini, kuma wannan iska ta fara kaɗowa nan. Takardun Turawa cike suke da irin waɗannan kalmomi. Maguzawan ƙasar Kano da Kazaure, alal misali, an yi musu kuɗin goro da kalmar da ke nufin arna. Wasu na cewa a goge, a sa kalma mai mutunci. Ban yarda ba. Sunan da Di'o ya ba fayil shi ma takardar tarihi ce. Yana gaya mana yadda mai mulki ya ga waɗanda yake mulka. In ka goge ka wanke shi daga laifinsa, ka kuma yanke wa mai bincike hanyar bin littattafan da suka ambaci fayil ɗin da tsohon sunansa. Malamanmu sun riga sun nuna mana yadda ake yi. Ba sa kankare matani don sun ga kuskure. Sharhi suke yi a gefe, kowa ya ga maganar mawallafi, ya ga ta mai gyara. A bar layin Bature yadda yake, a sa shekararsa, a rubuta namu a ƙarƙashinsa da Hausa, a kuma sa sunan wanda ya rubuta, don shi ma wata rana za a yi masa sharhi. Kayan aikin ma sun samu. Ƙa'idar bayanin takardu ta duniya ta 1994 ta tsara abu ne daga sama zuwa ƙasa, kamar tsani. Sabuwar da aka kammala a 2023 ta ba da damar a ɗaure takarda ɗaya da wurare da mutane da yawa, a kuma nuna cewa wuri kaza ya sauya suna ko uwar ɗaki a shekara kaza. Kamar don Babura aka yi ta.

Amma akwai inda ni kaina nake jan ƙafa. Na ce a fito da sunaye, to wane suna? Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, sai dai ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. A tsakanin nan dubban mutane sun bi ta kotunan alƙalai sun fanshi kansu ko an fanshe su, aka rubuta su a rajista. Daga irin waɗannan rajistoci Lovejoy da Hogendorn suka gina littafinsu na 1993 kan yadda bauta ta mutu a hankali. Muddin rajistar tana cikin kwali a Kaduna, ko hoto ce da ba a fitar da sunayen cikinta ba, asirin mutane a rufe yake. Ranar da aka shigar da kowane suna da garinsa yadda waya za ta iya nemo shi, ranar ce wani zai binciko kakar yarinyar da ɗansa ke nema da aure. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san maganar asali ba ta mutu ba, barci take yi. Haka shari'un saki da na gado da na zargin maita. Rashin kyawun tsohuwar fihirisa ya zama sutura ga wasu bayin Allah ba da niyya ba. Ra'ayina shi ne a fito da sunan wuri ba tare da shakka ba, da sunan masu sarauta da alƙalai da malaman da suka yi aikin hukuma, amma sunan talakan da aka kai gaban alƙali a bar shi a cikin takarda, mai bukata ya shiga ya karanta. Na san wani zai ce wannan sake binne talaka ne, bayan shi ne aka fi zalunta da mantuwa. Maganarsa tana da nauyi, kuma ban iya ture ta gaba ɗaya ba. Abin da na tabbata kawai shi ne wannan hukunci ba na Landan ba ne, ba kuma na manhajar da ke karanta rubutu da kanta ba. Na mutanen da za su haɗu a masallaci da kasuwa bayan an buga sunan ne.

Wannan ya sa nake ganin sabon bayanin ba a Kaduna kaɗai za a rubuta shi ba. Ma'aikacin ma'ajiya ya san fayil, bai san ƙasa ba. Dattijon ƙauye ya san ƙasa, bai taɓa ganin fayil ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Tarayya a Dutse, ga ta jiha a Kafin Hausa, cike da ɗaliban da ake nema wa abin bincike kowace shekara. Ɗalibi ɗaya, da fayil ɗaya na gundumarsu a waya, da mako biyu a zauren dagatai, zai dawo da jerin sunayen wurare da babu farfesan da zai iya fitarwa daga ofis. Ba aikin miliyoyi ba ne. Aiki ne mai cin rai da ba a yanka masa kintinkiri, shi ya sa ba ya samun mai ɗaukar nauyi. Kuma yana da wa'adi, domin waɗanda suka ji daga bakin waɗanda suka ga Bature a kan doki sun kusa ƙarewa.

Ni dai na sami wani abu a tafiyar tawa, ta hanyar da tsohon ma'aikacin nan ya nuna mini. Ba taswira ba ce, layi uku ne a tsakiyar wani rahoton rangadi, inda aka ce shanu suna bi ta gabas da wata rijiya su nufi arewa. Sunan rijiyar, yadda aka buga shi da keken rubutu, bai yi kama da wani wuri da na sani ba. Na kai wa dattijon nan, na karanta masa sau uku yana girgiza kai. A na huɗu ya sa na ja wasalin ƙarshe, na kuma ƙarfafa harafin farko. Sai ya yi dariya, ya ce ai rijiyar ta rufta tun yana saurayi, kukar da ke kanta ce kawai ta rage, kuma sunan na wani Bafillace ne da ya haƙa ta. Washegari ya kai mu wurin, da dagaci, da wakilin makiyaya. Ba a gama rigimar a ranar ba, amma an daina musu a kan gabas da yamma. Na rubuta sunan rijiyar daidai a littafina, da lambar fayil ɗin a gefensa, da kwatancen inda kukar take. Littafin yana cikin akwatina a Babura. Dattijon ya rasu da kakar bara.